Kafin A Aika Da Soja Ƙasar Waje, A Ji Ta Bakin Kasuwar Kwastam

A ƙasashen Turai da Amurka, in gwamnati ta yi niyyar aika wa wata ƙasa mai yaƙi da gudummawar makamai ko ta mayaƙa, akwai kamfanoni waɗanda ba su da wani aiki sai bin mutane suna tambayarsu ra'ayinsu. Su ƙidaya masu so, su ƙidaya masu ƙi, sa'an nan su buga a jarida kowa ya gani. Wakilan jama'a kuwa ba su wasa da wannan ƙidaya, don sun san ranar zaɓe tana nan tafe. Ran 29 ga Agusta, 2013, Majalisar Ingila ta hana Firayim Minista David Cameron kai hari Siriya, masu ƙi 285, masu so 272, tilas ya haƙura. A Amurka ma sai da aka yi kimanin wata shida ana ja-in-ja kafin Majalisa ta amince da gudummawar dala miliyan dubu 61 ga ƙasar Yukiren a cikin watan Afrilu, 2024.

A Nijeriya irin wannan ƙidaya ba ta kankama ba tukuna, in ma an yi ta, ba ta cika isa kunnen masu yanke shawara ba. Amma fa talaka yana da ra'ayinsa. Ana jin sa a kasuwa, ana jin sa a tasha da bakin teburin mai shayi. To, a kan maganar aika soja ƙasar waje, da wuya a sami inda aka fi Kasuwar Kwastam ta Maiduguri sanin abin da ake ciki, domin mutanenta sun ga al'amarin ta fuska biyu. Sun ga zamanin da Nijeriya ta kai wa Cadi gudummawar soja, sun kuma ga zamanin da sojan Cadi suka ƙetaro suka kawo wa Barno gudummawa.

Kasuwar tana unguwar Kwastam, kusa da shataletalen nan da aka gina wa gadar sama a 2021. Daga nan hanya ta miƙa gabas, ta bi ta Mafa da Dikwa har Gamboru-Ngala, tafiyar kimanin kilomita 140. Da an ƙetare gadar Gamboru an shiga Fotokol ta ƙasar Kamaru, daga nan sai Kusuri, daga Kusuri kuwa kogi kaɗai ya raba mutum da Injamena, babban birnin Cadi. Ta wannan hanya shanu ke shigowa, ta nan kuma sabulu da sukari da yadi da kayan roba ke fita. Ana ciniki da Kanuri da Larabcin Shuwa da Hausa, ana lissafi da Naira da Sefa. Saboda haka duk rikicin da ya tashi a Injamena, ba ya kwana biyu sai an ji zafinsa a farashin kaya a Kwastam.

Dangantakar kuwa ta girmi Nijeriya, ta girmi Cadi. Daular Barno daga Kanem ta taso, can gabas da tafki. Rabe da ya ci Kukawa a 1893 a Dikwa ya zauna, a Kusuri kuma Faransawa suka kashe shi a 1900. Da Turawa suka ja iyaka, sai suka bar wa a wannan gefe, ƙane a wancan. Mutanen Maiduguri ba su manta da Alhaji Shugaba Darman ba, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokoki ta Jihar Barno, wanda aka ɗauke shi a cikin Janairu, 1980, aka kai shi Cadi wai shi ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta sa aka dawo da shi. Inda iyaka ta ratsa tsakiyar dangi haka, yaƙin maƙwabci ya riga ya zama na cikin gida.

Ran 12 ga Fabrairu, 1979, faɗa ya ɓarke a Injamena tsakanin sojan Shugaba Felix Malloum da na Firayim Ministansa Hissene Habre. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kira shugabannin ɓangarorin zuwa Kano a cikin Maris, aka zauna a ƙarƙashin jagorancin Manjo-Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, aka yi yarjejeniya. Malloum ya sauka, ya taho gudun hijira Nijeriya, inda ya yi shekara 23. Nijeriya ta aika da soja kimanin 800 don su tsaya tsakani. Amma ba a yi nisa ba waɗanda aka je raba wa faɗa suka fara zargin mai rabon da cewa yana da nasa ɗan takara a cikin rikicin. Ya zuwa watan Yuni, watau wata uku kacal, sojan sun komo gida, faɗa kuwa yana nan daram.

Aka sake zama a Ikko a cikin Agusta, aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya, Goukouni Oueddei shugaba, Habre ministan tsaro. Maris na 1980 bai ƙare ba suka sake kaurewa. Dubban mutane suka ƙetare kogi zuwa Kusuri, waɗansu suka zarce har Gamboru da Maiduguri. Goukouni ya gayyato sojan Libiya suka kore Habre, a cikin Janairu, 1981, kuma aka ba da sanarwa cewa Libiya da Cadi za su haɗe su zama ƙasa guda. Wannan ya tayar wa gwamnatin Alhaji Shehu Shagari hankali, don ba ta son ganin sojan Kanar Gaddafi a bakin tafkin Cadi. Da Libiya ta janye a cikin Nuwamba, sai Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta aika da rundunar kiyaye zaman lafiya, sojan Nijeriya da Senegal da Zayar, kwamandansu Manjo-Janar Geoffrey Ejiga na Nijeriya. Nijeriya ita ce ta ba da kaso mafi tsoka, soja kimanin 2,000.

Matsalar ita ce tun farko ba a daidaita a kan aikin da rundunar za ta yi ba. Goukouni ya ɗauka an zo ne a taya shi yaƙar Habre. Masu rundunar kuwa suka ce su ba faɗa ya kawo su ba, tsayawa tsakani ya kawo su. Ana cikin wannan gardama mayaƙan Habre suka taso daga gabas, suka kauce wa inda rundunar take, suka shiga Injamena ran 7 ga Yuni, 1982. Goukouni ya tsere Kamaru. Kafin ƙarshen watan rundunar ta tattara nata ya nata ta watse. Aikin ya ci wa Nijeriya kimanin dala miliyan 80, Ƙungiyar kuwa ba ta da kuɗin biya, tilas aka yafe. Shi kuma Habre ya yi shekara takwas yana mulki, irin mulkin da ya sa wata kotu a Dakar ta yanke masa hukuncin ɗaurin rai da rai a 2016.

Abin da ya fi ci wa mutanen Barno rai ya zo ne bayan wata goma. A cikin Afrilu, 1983, sojan Cadi suka mamaye waɗansu tsibirai na Nijeriya a tafki, sai da Manjo-Janar Muhammadu Buhari, wanda a lokacin yake kwamandan Runduna ta Uku a Jos, ya fatattake su. Aka rufe iyaka wata da watanni, masu shanu da masu kifi da direbobi suka zauna hannu biyu. Watau ƙasar da aka kashe wa dukiya jiya, yau ita ake musayar wuta da ita.

Wannan tarihi shi ya sa har yanzu in aka ta da maganar aika soja waje a rumfunan Kwastam, ra'ayi yakan rabu biyu. Masu ƙi suna da hujja mai ƙarfi. Suna cewa gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Suna tuna cewa tun daga watan Agusta na 1990 Nijeriya ta ɗauki nauyin rundunar ECOMOG a Laberiya, daga baya kuma a Saliyo, har Shugaba Obasanjo ya faɗa a 1999 cewa ƙasar ta kashe kimanin dala miliyan dubu 8, ta kuma rasa soja wajen 500. A shekarun da ake wannan hidima asibitoci ba magani, malaman makaranta suna yajin aiki, ana kwana a layin mai. Suna kuma tuna abin da ya faru a 2013. A cikin Janairu Majalisar Dattijai ta amince a aika da soja 1,200 Mali, a cikin Mayu aka kafa dokar ta-ɓaci a Barno da Yobe da Adamawa, a cikin Yuli kuma gwamnati ta fara janyo sojan daga Mali don ana bukatarsu a gida. Mutumin da ya kwana yana jin ƙarar bindiga a bayan gidansa, in ya tambayi me ya kai sojan ƙasarsa Mali, ai tambayarsa tana kan hanya.

Masu so kuma suna da tasu hujjar. Suna cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, wutar da aka ƙi kashewa a gidan maƙwabci kuwa ita ce ke tsallako katanga. Suna nuna cewa Laberiya da Saliyo yau suna zaune lafiya, suna zaɓe suna canza shugabanni, da jinin sojan Nijeriya aka sayo musu wannan. A Gambiya ma, a cikin Janairu, 2017, ganin rundunar Afirka ta Yamma kaɗai ya isa ya sa Yahya Jammeh ya bar mulki bayan ya faɗi zaɓe. Kuma talakan Nijeriya ba marowaci ba ne. Lokacin da Janar Murtala Muhammed ya amince da gwamnatin MPLA ta Angola a cikin Nuwamba, 1975, ya ba ta gudummawar dala miliyan 20, jama'a murna suka yi, domin sun san wanda ake taimako, sun san wanda ake yaƙa, watau sojan gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu.

Hujjar da ta fi kowace nauyi a wurin masu so ita ce abin da idon kowa ya gani a 2015. Tun a watan Mayu na 2014 'yan Boko Haram suka afka wa Gamboru-Ngala suka kashe mutum fiye da 300, a cikin Agusta suka kama garin, suka kama Dikwa, a cikin Satumba kuma Bama. Hanyar da ke ciyar da Kasuwar Kwastam ta mutu murus. Ran 3 ga Janairu, 2015, Baga ta faɗi, har da hedkwatar rundunar haɗin gwiwa da ke can. Ran 25 ga watan Monguno ta faɗi, a ranar kuma aka kawo wa Maiduguri kanta hari. Birnin ya cika maƙil da 'yan gudun hijira, zaɓen da za a yi ran 14 ga Fabrairu ma sai da aka ɗaga shi zuwa 28 ga Maris. A cikin wannan hali ne sojan Cadi suka ƙetaro daga Fotokol ran 3 ga Fabrairu suka ƙwato Gamboru, a farkon Maris suka ƙwato Dikwa, sa'an nan su da sojan Nijar suka ƙwato Damasak. Wanda ya aiko su kuwa shi ne Shugaba Idriss Deby, ɗaya daga cikin kwamandojin Habre waɗanda suka ci Injamena a 1982. A 2016 aka sake buɗe hanyar Dikwa da Gamboru, motocin kaya suka fara bi da rakiyar soja.

To, a lokacin ba a ji wani a Kwastam yana cewa Cadi ta fi Nijeriya talauci, me ya sa za ta kashe kuɗinta a ƙasar wani. Su ma talakawan Injamena suna da asibiti marar magani, su ma suna da 'ya'ya a cikin sojan da aka binne. Da Deby ya bi shawarar gida bai ƙoshi ba, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya. Shi ma ba don Allah da Annabi kawai ya yi ba, hanyar da kayan ƙasarsa ke bi ta Barno da arewacin Kamaru ita ce aka toshe. Wannan kuwa ba abin zargi ba ne, don kowace ƙasa amfaninta take fara dubawa. Amma gudummawar baƙo tana da iyaka. A cikin Janairu, 2020, Cadi ta janye soja 1,200 daga arewacin Barno bayan sun gama wa'adinsu, nan da nan mutanen Gajiganna da kewaye suka kwashe kaya suka yo Maiduguri don tsoro.

In aka dubi ra'ayoyin nan biyu da kyau, za a ga ba su yi nisa da juna kamar yadda ake zato ba. Mai ƙi, in an ce masa ga azzalumi ga wanda aka zalunta, kuma ga ranar komowa, yakan sassauta. Mai so kuma, in an ce masa za a tafi ne ba a san wa za a taya ba, ba a san nawa za a kashe ba, yakan ja da baya. Abin da ya haɗa su shi ne ba wanda ya taɓa tambayarsu. Tafiyar 1979 da ta Laberiya da ta Saliyo duk a zamanin mulkin soja aka yi su, sai dai a ji a rediyo an tafi, a ji an komo.

Ranar da jama'a suka yi magana da murya ɗaya kuwa, an ji su. Bayan juyin mulkin Nijar na ran 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS a ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu ta ba sojan Yamai kwana bakwai su mayar da Shugaba Mohamed Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Jihohi bakwai na Arewa ke da iyaka da Nijar, daga Kebbi har Barno, a jihar Diffa kuwa akwai dubban 'yan gudun hijira na Barno waɗanda aka karɓa hannu biyu lokacin da ba su da wurin zuwa. Malamai suka yi huɗuba, sarakuna suka yi magana, aka yi zanga-zanga a Kano. Ran 5 ga Agusta Majalisar Dattijai ta shawarci Shugaban Ƙasa ya bi hanyar sulhu. Mai Martaba Muhammadu Sanusi II ya tafi Yamai ya gana da Janar Abdourahamane Tiani, bayansa ayarin malamai a ƙarƙashin Shaihu Abdullahi Bala Lau suka bi. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Duk da haka rufe iyaka da yanke wutar lantarki sun ɗauki fiye da wata bakwai, sai a cikin Maris, 2024, aka ba da umurnin buɗewa, kuma masu tattasai da masu kifi da masu dabbobi na hanyar Damasak su suka fara biyan kuɗin fushin da ba su suka yi shi ba. A cikin Janairu, 2025, Nijar ta fice daga ECOWAS, a cikin Maris kuma ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Cadi.

Kasuwa ma tana kuskure, wannan gaskiya ne. Jita-jita tana gudu a cikinta fiye da labari, wanda ta yaba da safe tana iya zaginsa da yamma, kuma akwai asirin tsaro wanda ba a shimfiɗa shi a faifai. Shi ya sa Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora nauyin a kan wakilai. Sashe na 5 ya ce ba za a aika da soja fagen fama a wajen Nijeriya ba sai da amincewar Majalisar Dattijai tun kafin tafiya. In kuwa haɗari ya matso har ba a iya jira, Shugaban Ƙasa yana iya aikawa bayan ya shawarci Majalisar Tsaro, amma lalle ya nemi yardar Dattijai a cikin kwana bakwai, su kuma su ba da amsa a cikin kwana 14. Ta wannan ƙofa ta biyu aka bi ran 7 ga Disamba, 2025, sa'ad da jiragen yaƙin Nijeriya suka taimaka aka murƙushe yunƙurin juyin mulki a Kwatano, Majalisa ta amince bayan kwana biyu. Dokar tana da kyau. Abin tsoro shi ne kada ƙofar gaggawa ta zama ita ce ƙofar kullum, amincewar Dattijai ta koma sa hannu a kan aikin da aka riga aka gama.

Saboda haka ya kamata duk lokacin da irin wannan magana ta taso, a yi muhawararta a fili, a watsa ta a rediyo da harsunan da jama'a ke ji. Sanatocin jihohin da ke bakin iyaka su komo gida su zauna da sarakuna da malamai da shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi kafin su ɗaga hannu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gwamnati ta faɗi ƙarara ko faɗa za a je yi ko rabo, kada a maimaita ruɗanin 1982. Ta faɗi wa zai biya, ta faɗi yaushe za a komo, ta kuma faɗi wa zai tsare wuraren da za a kwashe sojan daga cikinsu, don kada a buɗe Barno ko Zamfara a rufe wata ƙasa.

Bayan an komo kuma a yi lissafi. Ɗan kasuwar da ya ba yaronsa jari ya tafi Injamena, in yaron ya dawo, zama suke yi su buɗe littafi, ko riba aka ci ko faɗuwa aka yi. Haka ya kamata gwamnati ta yi wa masu ƙasa. A gabatar wa Majalisa adadin kuɗin da aka kashe, a karanta sunayen waɗanda suka kwanta dama, a biya matansu da marayunsu hakkinsu ba tare da sun yi shekaru suna sintiri a ofisoshi ba. Sojan nan ai 'ya'yan talakawa ne, daga gidajen masu rumfa da masu dako da manoma suka fito.

Mutanen Kasuwar Kwastam sun sha wahalar yaƙi, sun sha ta rufe iyaka, sun sha ta ambaliyar madatsar Alau a cikin Satumba, 2024, kowane karo kuma sun share rumfa sun sake kasa kaya. Sun san darajar maƙwabci, don maƙwabci ya taɓa ceton su. Ba su ce kada a taimaki kowa ba. Abin da suke nema shi ne a shawarce su tun ba a ɗaura sirdi ba, tun da su ne na farko da ƙura za ta bi ta kansu. Allah ya zaunar da ƙasashen tafkin Cadi lafiya, ya ba shugabanni kunnen sauraro.